Mahamudu Mai Kwashe Ruwan Lambatu

Shekara goma sha tara, Malam Mahamudu yana idar da sallar asuba zai kama jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Morris Heights zuwa wata ma'ajiyar gas a bakin kogi. Gas ɗin nan sanyaya shi ake yi har ya koma kamar ruwa. Ƙarƙashin bututansa akwai lambatun siminti da zai tare shi in ya zuba, kuma aikin Mahamudu shi ne kada ruwan sama ya kwanta a ciki. Mu 'yan unguwa har tsokanarsa muke yi: mutum ya baro Kumasi ya zo Amurka kwasar kwata.

Ashe wannan gas in ya faɗa kan ruwa, yana iya fashewa nan take, ko ba wuta.

Boubacar, abokin aikinsa ɗan Nijar, shi ya ba ni labarin wata Talata a 2014. An wuni ana ruwa, injin jan ruwa ya mutu, lambatu ya cika har idon sawu. Sabon manaja yana sauri a buɗe bututu.

"Sa hannu a takarda cewa ya bushe," in ji manajan, "ko ka ajiye katinka na aiki ka tafi gida."

"Katin ga shi," in ji Mahamudu. "Amma hannuna ba zai hau ƙarya ba."

Ya miƙa katin, ya ɗauki bokiti ya shiga lambatun. Ba sa hannu, ba buɗewa. Awa biyu yana kwasa, manaja yana tsaye a kansa yana waya a kawo wani mai sa hannu. Da ya bushe ya sa hannu, aka buɗe. Ba a yi minti ashirin ba mahaɗar bututu ta tsage, gas ya kwararo, farin tururi ya rufe wajen. Kowa ya ƙame. Gas ɗin ya bi busasshen siminti, ya ƙafe a hankali. Da yamma manajan da kansa ya mayar masa da katin.

Malam Mahamudu, kai ne mai gadin da ba a gani. Na ji kunyar dariyar da na yi maka, kuma mun gode. Masu ƙananan ayyuka, ku riƙe su kamar yadda ya riƙe nasa.

A walimar ritayarsa Boubacar ya zo da 'yarsa Damata, wadda aka haifa wata huɗu bayan ranar. Ya ce mata, "Gaida Baba. Ranar da gas ɗin ya zuba, taku uku ne tsakanina da lambatun."