Uban Yarinyar da Ba Ta Zama Wuri Guda

A tashar Dogon Dutsi wani dogon makiyayi yana jiran motar Dogon Kiriya, riƙe da takardar likita. Ya ajiye sanda, ya zauna, ya tashi, ya sake zama, ƙafarsa tana ta kaɗawa. Da gani shi ma zaman benci bai karɓe shi ba.

Yana nuna wa direba haruffa huɗu bisa takardar, TDAH, sunan larurar da likita ya rubuta. "Ɗiyata Nazifa ce ba ta zama wuri guda a lakwal, wajen karatun boko. Likita ya ce wai ba iska ba ce, ba taurin kai ba, kada in buge ta. Ni ma haka nike ina yaro, babana ya ba ni awaki, ya tura ni daji. Ita mi za ni ba ta?"

Mota ta tashi da shi, sandarsa tana nan bisa benci.