Jan Ruwa da Kore

A tasha ana kiransa Sannu-Sannu, don tun yana saurayi ba a taɓa ganin ya taka mota da ƙarfi ba. Ya tsufa a kan babbar motar kamfanin siminti, kuma ko kaza bai taɓa bugewa ba. Abokan aikinsa kan tsokane shi su ce in ya ɗauko siminti, kafin ya iso an gama ginin har an shiga. Sai ya yi dariya ya ce ai dai yana isowa.

Da ya ajiye aiki bai samu hutun da ya zata ba. Matarsa ta kamu da ciwon ƙoda, sai an kai ta asibiti ana yi mata wanki a kan na'ura. Babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta sayo masa wata ƙaramar mota ta hannu don ya riƙa kai uwar. Kullum da safe sai ya goge ta, ya duba mai, ya ƙwanƙwasa tayoyi. Matar kan leƙo ta taga ta ce, "Malam, ni ce marar lafiyar fa, ba ita ba."

Wata rana ya buɗe bonet ya ga ruwan sanyaya inji ya ja baya. Ruwan ja ne, abin da bai saba da shi ba, don a zamaninsa ruwan famfo ake ɗura wa lagireto a wuce. Ya je shagon kayan gyaran mota.

"Baba, jan ya ƙare," in ji mai shagon. "Kore ne kawai. Amma ka duba abin da aka rubuta wa motarka tukuna, ba kowanne ke shiri da ɗan'uwansa ba. Ko ka bari jibi jan zai zo."

"Jibi ina asibiti," in ji Sannu-Sannu. "Ruwa ai ruwa ne, launi ne kawai suka saka don su ruɗe mu. Miƙo."

Mai shagon ya miƙo galan. Tsohon ya koma gida ya tuttula koren a kan jan, ya rufe. Motar ta ci gaba da tafiya lafiya lau, har ya manta. Duk lokacin da ruwan ya ragu sai ya ƙara daga galan ɗin.

Ranar da abin ya faru matar ta tashi a kumbure, numfashi yana yi mata wuya. Ya kwantar da ita a kujerar baya. Suna hawa gadar da ke kusa da asibitin suka tarar da cunkoso, rana kuma ta take. Yana kallo allurar zafi ta soma hawa, ta wuce tsakiya, ta je ta jingina da ja. Tururi ya fara fitowa ta gefen bonet, injin ya yi tari ya mutu.

"Malam, lafiya?" ta tambaya da ƙyar.

"Ba komai, ruwa take so."

Ya san ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Shi da kansa ya sha tsawata wa sababbin direbobi a kan haka. Amma na baya suna ta danna oda, matar tana nishi, kuma ya san in lokacinta ya wuce wani za a ɗora a na'urar. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗa murfin.

Abin da ya feso ba ruwa ba ne, wani tafasasshen taɓo ne mai kauri, ya same shi a fuska. Ya faɗi a kan kwalta yana ta laluben ƙofar mota, yana cewa a ɗauki matar tukuna. Wani mai motar ɗaukar burodi ne ya kwashe su su biyu.

Idon dama ya tafi. Na hagu kuma inuwa kawai yake gani. Da 'yar ta zo, bakanike ya yanka tiyo ya nuna mata yadda ruwan biyu suka haɗu suka daskare, suka toshe lagireton gaba ɗaya. Injin ma ya buga. Ba ta gaya wa uban ba, amma da ta shigo ɗakin da aka kwantar da shi a asibiti sai ya ce, "Koren ne, ko?"

"Baba, ka sha maganinka," in ji ta.

Bayan an sallame shi, duk ranar wanki sai ya sa a kira motar haya, ya zauna a baya kusa da matar. Ita ke riƙe hannunsa su hau matakalar asibiti, tana haki tana gaya masa inda zai sa ƙafa. Ma'aikatan har sukan rasa wane ne ya rako wani. Ba ta taɓa yi masa zancen gadar ba, shi ma bai tayar ba.

Ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Likita ya ce ciwon ne ya ci ƙarfinta, waccan ranar ba ta da hannu a ciki. Sannu-Sannu ya saurara, ya yi godiya, amma bai yarda ba.

Yanzu yana gidan 'yar, a wani ɗaki kusa da ƙofa. Surukinsa mutumin kirki ne, yakan zauna ya yi ta jansa da hira, amsar dai ba ta wuce kalma biyu. In an ce ya fito a zaga da shi gari a mota ya sha iska, sai ya ce su je kawai, shi zai tsare gida.