Kakannina Biyu da Jirgin da Bai Sauka Ba

Jiya da la'asar maƙwabcina ya tayar da ƙaramin janareta, hayaƙin fetur ya ƙetaro katanga ya same ni a kan buzu ina lazimi. Allah ya gafarta mini, carbi yana hannuna, amma zuciyata ta riga ta koma zauren gidanmu na Tambuwal, ina ɗan shekara goma sha biyu, an saki tabarmar ƙofa don haske kada ya ɓata hoton talabijin.

Baffana, ƙanen mahaifina, malamin firamare ne. Shi ya kawo talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta daga Sakkwato, tare da kaset uku na wani fim na Turawa. Labarin wasu mutane ne da ruwan ƙasarsu ya ƙafe, suka ƙera jirgi mai girman gari guda, suka zuba iri da dabbobi a ciki, suka shiga sararin samaniya neman wata ƙasar. Ba mu jin Turanci, saboda haka baffa yakan tsayar da hoton bayan kowace 'yar magana ya fassara mana. Ranar kasuwa kaɗai yake kunnawa, bayan sallar la'asar, kaɗan-kaɗan. Da haka kaset uku suka ci mana rani guda cur.

Kakanni biyu gare ni a lokacin. Kakan gida, mahaifin babana, manomin gero ne wanda bai taɓa kwana uku a jere a wajen Tambuwal ba, in ka cire aikin hajji. Kakan Kebbe kuwa, mahaifin innata, yana noma amma ransa na wurin shanu. Dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana. Wata ranar kasuwa ya zo sayar da sa, ya biyo don ya gaisa da surukinsa a tsaitsaye, sai ya tarar da hoton shanu kwance cikin akwatunan gilashi suna barci a cikin jirgi. Ya tsaya yana kallo. Can ya jingine sandarsa ya zauna. Tun daga ranar bai sake fashin kasuwar Tambuwal ba.

Mai karatu, in kai ɗan yanzu ne, sai na yi maka bayanin wani abu. Innata 'yar fari ce, kuma a wurin mutanen da, musamman masu jinin kiwo, ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya nuna yana kewarsa, ba ya tashi takanas ya je gidan aurensa. Shekara goma sha huɗu innata tana Tambuwal, mahaifinta bai zauna a gidanmu ba sai ranar suna ko ta'aziyya. Amma zuwa kallon jirgi ba zuwa wurin ɗiya ba ne, babu mai cewa dattijo ya zubar da kunya. Duk ranar kasuwa tun da hantsi innata take daka fura, ta sa citta da kanumfari fiye da na kullum. In an gama kallo sai ta kawo kwanon da kanta, ta durƙusa a bakin ƙofar zaure ta ciki, ta gaishe shi. Shi kuma ya amsa yana duban bango: lafiya lau, madalla. Shi ke nan. In zai tafi ya bar ƙwaryar man shanu a gefen tabarma, ya ce na yara ne. Innata takan koma ciki tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ranar ko ka fasa tulu ba za ta yi maka faɗa ba.

Kaset na uku ya ƙare ne a daidai inda jirgin ya iso kan wata ƙasa ja mai ruwa kaɗan. Tsohuwar da ke jagorantar jirgin ta tara jama'a za ta faɗi ko a sauka ko a wuce, sai rubutun ƙarshen fim ya fara hawa. Baffa ya je Sakkwato har sau biyu neman na huɗu, aka ce masa masu fim ɗin ba su yi shi ba tukuna, su ma ba su yanke inda labarin zai dosa ba. Ya ce ya ji masu kallo a ƙasashe da yawa suna rubuta musu wasiƙa, kowa yana faɗin yadda yake so a ci gaba.

To, a nan gardama ta tashi. Kakan gida ya ce sauka za a yi, babu wata magana. Iri ba ya daɗewa a ajiye, ko rumbun ƙarfe ne, kuma jar ƙasa irin wannan ya san ta, in ta sami taki gero na yi. Abin da ya fi damunsa ma shi ne mamatan jirgin. Ya ce mutane na tafiya shekara da shekaru ba su da inda za su binne iyayensu, wannan ba rayuwa ba ce. Kakan Kebbe ya bari ya gama, sannan ya ce:

"Malam, ni na duba hoton ga da kyau, ban ga tsuntsu ko guda ba. Ni kuwa ba ni sauke garke inda tsuntsu bai sauka ba. Ruwan da sunka nuna bai kai su bazara."

"Ku dai masu shanu ba ku san zama ba," in ji kakan gida. "Ko Aljanna anka kai ku, sai kun tambayi ko akwai ciyawa gaba."

"Ku kuma ko kan dutse anka aje ku, sai kun nemi hauya."

Zauren ya kwashe da dariya, su biyun kuwa ko murmushi ba su yi ba.

Kafin damina ta kankama unguwarmu ta rabu biyu, 'yan sauka da 'yan wucewa. Telan bakin masallaci ɗan wucewa ne, mahaucin layinmu ɗan sauka, har ya ce ba zai ƙara wa telan gyara ba sai ya tuba. An kai wa liman maganar. Ya ce shi ba zai shiga ba, sai dai a tambayar masa yadda mutanen jirgin ke gane lokacin sallah tunda rana ba ta fito musu. Matan gida ba sa shiga zaure, ni nake ba su labari a bakin murhu, su ma suka rabu. Yanzu ba a ma kunna janareta. Kakan Kebbe zai sauko daga motar kasuwa, rigarsa duk jar ƙurar hanya, ko laka in an yi ruwa, ya zauna, a ɗora daga inda aka tsaya makon jiya.

Daga baya suka yarda a rubuta wa masu fim ɗin wasiƙa ɗaya da sunan zauren. Baffa ya ɗauko biro, duka biyun suka ce a'a. Ba sa karanta boko, kowannensu yana tsoron a rubuta ra'ayin ɗan'uwansa a ce nasa ne. Sai da ajami, wanda za su iya bi da yatsa su gani. A lokacin na yi nisa a allo, malaminmu yana yabon hannuna, sai aka ce ni zan rubuta, in an gama baffa ya mayar da Turanci. Na fere alƙalamin kara, na dama tawada mai kauri, na zauna tsakaninsu. Kakan gida zai faɗi layi uku, kakan Kebbe ya karɓi takardar ya matso da ita kusa da ido, ya ce a soke na biyu. Mako mai zuwa a soke nasa. Mun cinye takardu da yawa ba mu wuce gaisuwa da addu'ar buɗewa ba.

Ni kuwa abin ya fara isata. Ina son a ce na gama aiki, a aika rubutuna ƙasar Turawa. Wata rana ina korar tsuntsaye a gonar gero sai na tuna cewa a kaset na biyu an nuna ƙaramin jirgi a cikin cikin babban. Na dawo gida na rubuta shafi guda da kaina: a raba jama'a biyu, masu son zama su sauka da iri a ƙaramin jirgi, masu son tafiya su wuce da dabbobi a babban, kowa ya yafe wa ɗan'uwansa.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan yankan gero na karanta musu. Kakan gida ya shafa gemu ya ce babu zalunci a ciki. Kakan Kebbe ya karɓa ya bi da yatsa har ƙarshe, ya daɗe, sannan ya ce shi ma bai ga abin sokewa ba. Aka sa mini albarka, mahauci ya aiko mini da tsire, baffa ya fassara ya tafi da ita gidan waya. Na kwana ina jin babu kamata a Tambuwal.

Ranar kasuwa ta zagayo, motar Kebbe ta zo, kaka bai sauko ba. Innata ta riga ta dama fura. Ta rufe kwanon da faifai ta ajiye a inuwa, har magariba, sannan ta ba mu muka sha. Mako na biyu ma ta dama. Na uku na gan ta tsaye a bayan ƙofar zaure tana sauraron masu wucewa, da ta gan ni sai ta yi kamar tsintsiya take nema. Direban motar ya ce dattijo lafiyarsa ƙalau, ya gan shi a bakin rijiya yana shayar da shanu.

Kakata, matar kakan gida, ita ta kira ni ɗakinta. Tana yi mini wasan jika, maigida take ce mini.

"Maigida, kai da wayonka ka kashe musu magana. To yanzu da wane baki za shi ce ya zo?"

Na ce ai sun yarda da kansu.

"Sun yarda mana, tunda gaskiya ka rubuta. Kai ka ɗauka jirgi shika zuwa kallo?"

Sai a lokacin na gane, kunya ta rufe ni, na fara hawaye. Ta ce in share, namiji da gemu na tafe. Ta sa na maimaita mata abin da na rubuta, tana taunar goro tana lumshe ido. Da na zo wurin da masu tafiya za su wuce da dabbobi, ta ɗaga hannu ta ce in tsaya nan. Ta ja mayafi, ta nufi inda kakan gida ke gyaran rumbu, ni ina biye.

"Malam, tambaya gare ni. Mutanen naka da za su sauka, da mi za su yi taki, tunda an wuce da shanu duka?"

Kakan gida ya saki igiyar da ke hannunsa. Ya ce lallai an cuce shi, mai shanu ya gani sarai ya yi gum. Nan take ya sa na ɗauko tawada. Ya ce in rubuta wa surukinsa cewa bayan gaisuwa, yarjejeniya ta warware sai an bar wa masu sauka shanu biyar da bijimi. Na rubuta da mafi kyawun hannuna, na kai wa direba da gudu.

Ranar kasuwa tun kafin la'asar muka ji sallamar kakan Kebbe. Bai ko zauna ba, takardar na hannunsa, ya ce:

"Malam, bijimi guda ne cikin jirgin ga. Guda. In na bar maka shi, garken ya ƙare ke nan. Kai ko tunkiya ba ka iya riƙo, za a ba ka bijimi?"

"Zauna dai, mai shanu, ka sha ruwa. Maganar ga ba ta yini guda ba ce."

Innata ta kawo fura, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi. Ya amsa gaisuwarta yana duban bango kamar kullum. Amma da ya sha, ya ajiye ludayi, ya ce wa bangon a faɗa wa mutanen gida furar ta yi. Ban taɓa jin ya ƙara mata ko kalma ɗaya a kan gaisuwa ba sai ranar. Ni kuma na koma mazaunina tsakaninsu, kuma daga ranar, duk lokacin da wata dabara ta raba gardama ta zo mini, sai in haɗiye ta in ci gaba da fere alƙalami. Maganar bijimin nan ta kai su shekara shida, har ƙafa ta hana kakan Kebbe hawa mota. Allah ya jiƙansu duka, ya sa Aljanna ce makomarsu.

An daɗe da yin kashi na huɗu na fim ɗin, har da na biyar da na shida. 'Ya'yana suna kallo a waya, suna musu da mutanen da ba su taɓa gani ba a kan inda ya kamata labarin ya nufa, wani lokaci har da zagi, kuma babu wanda ke tashi daga inda yake zaune. Kunyar ɗan fari ma ta tafi. Tawa 'yar farin tana aure a Dogon Daji, ina kiran sunanta gatsau, ina buga mata waya in ce ina kewarta, babu mai ganin laifina. Sai dai da na zauna na lissafa, wata huɗu ke nan ban taka gidanta ba, ga hanya mai kwalta, ga babur a ƙofar gida. Tsohon da al'ada ta ɗaure wa baki yakan sha ƙurar hanyar Kebbe duk mako don gaisuwa ta kalma biyu. Na gaya wa mai ɗakina ta haɗa mini ɗan abin da zan riƙa. Gobe in Allah ya kai mu, daga masallacin asuba sai Dogon Daji.