Ranar da Kawu ya jefa birgi a tafkin Kanya

Mun tashi da asuba daga Rigasa, ko shayi ban kurɓa ba, ni da kawuna, ƙanin mahaifiyata. Masu tambayar ina na shige kwana biyu ba a ji ɗuriyata ba, to ga amsa: Birnin Gwari na je, daga nan na nausa cikin daji zuwa ƙauyen da aka haifi mahaifiyata. Ba shaƙatawa ta kai ni ba, rakiya na yi.

Kawu masunci ne ɗan masunci. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, suka kashe masa babban ɗansa a gona, ya dawo Kaduna yana gadi a wani gidan bulo. Mutumin da ya saba kwana da ƙarnin kifi a hannu ya koma buɗe wa tifa ƙofa. Da aka fara cewa hanya ta yi sauƙi, wasu har sun koma, sai ya ɗaura aniya. Ya ce tafkin garinsu, wanda suke kira tafkin Kanya, ya yi shekaru ba a jefa masa ko ƙugiya ba, yanzu kifin ciki ya kai cinyar mutum. Idan ya je ya tarar haka ne, zai gyara ɗakinsa kafin damina ya ƙarasa kwanansa a gida. Har ya gaya wa mai gidan bulon ya fara neman wani mai gadin. Mahaifiyata ta yi magana ta gaji, daga ƙarshe ta ce in bi shi.

A tashar Mando muka sami mota. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani, direba ya ce man fetur ne, kamar dai mu a rijiya muke ɗebo namu kuɗin. Aka cusa mu huɗu a baya. Kawu ya ƙi yarda a sa buhunsa a but, ya ɗora shi a cinya ya rungume. Birginsa ne a ciki, wato ragar nan da ake jefawa ta buɗe kamar faifai ta rufe kifi. Duk shekarun nan yana ƙarƙashin katifarsa, lokaci-lokaci ya fito da shi ya ɗinke inda ɓera ya ci. Dalmar da ke bakin ragar ta yi ta dukan gwiwata har Buruku.

Don in rage mana hanya na nuna masa wani bidiyo a waya. Wasu Turawa ne a ƙasar sanyi, tafkinsu ya daskare ya zama ƙanƙara, sun huda rami sun zauna a kan bokiti suna zaro ƙananan kifaye masu zane a jiki. A ƙasan bidiyon ana ta musu, wasu na cewa kwasar kifi da yawa gyara ne ga tafki, wasu na cewa ɓarna ce. Kawu ya kalla ya girgiza kai.

"Ruwa ya rufe ƙofarsa don ya huta, sun bi shi da huda. Ɗan nan, ruwa hutu yake so. Ka bar shi, shi zai ba ka."

Na san wannan karatun tun ina ƙarami. Kawu bai taɓa riƙe kifin da bai kai tafin hannunsa ba, komai yunwa sai ya mayar da shi ruwa.

Bayan mun wuce Udawa hira ta mutu a motar. Direba ya kashe waƙar da yake ji ba wanda ya ce ya kashe. Hanyar ramuka ce zalla, ga gawarwakin motoci da suka ƙone a gefen titi, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Wata 'yar kasuwa Kirista da ke kusa da ni tana ta motsa baki, wani malami a gaba yana jan carbi, ni kuwa duk addu'ar da na iya ta gudu ta bar ni da Fatiha. Muna ta gamuwa da manyan motoci ɗauke da gawayi da katako da buhunan masara. Shingayen jami'an tsaro kuwa na daina lissafi.

Birnin Gwari ta ba ni mamaki. Kasuwa cike, ana ta ciniki, masu babura sun tare ko'ina. Bazara ce, mangwaro ya yi arha har ana roƙonka ka saya. Muka zauna wajen wata mai waina muka ci da miyar taushe, mai zafi, ba ƙoro. Kawu bai ci da yawa ba, idonsa na kan hanya.

Daga nan babur ne. Muka bi wajen hanyar Dogon Dawa, sannan muka saki titi muka shiga burtali. Ni da babur dama ba ma shiri, balle a yashi. Wanda ya ɗauko ni ya ce idan mun ga mutane a gindin bishiya in yi sallama kawai, kada in ƙura ido. Mun kuwa gan su, matasa, zaune a inuwa, abin da ke jingine a jikin bishiyar ba sanda ba ne. Suka amsa sallama muka wuce. 

Ƙauyen kuwa, ban san yadda zan faɗa muku ba. Katangu sun zube, rumbuna sun buɗe baki, tumfafiya ta fito a tsakar gidajen mutane. Gidajen da hayaƙi ke tashi a cikinsu ba su kai yatsun hannu biyu ba. Kawu ya tsaya a ƙofar gidansa, inda babu ƙofar, ya daɗe. Zuciyata ta karye ganin yadda ya leƙa ciki yana sallama.

Wanda ya tarbe mu tsohon amininsa ne, mutumin Gbagyi, Kirista, manomi da ke taɓa su, wato kamun kifi, idan rani ya yi. Shi da matarsa sun komo tun daminar bara. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suka kasa saki. Ɗaya ya ce, "Aboki, ka tsufa." Ɗayan ya ce, "Kai kuma haƙoran ina ka kai su?" Suka yi dariya, dariyar ta koma wani abu daban, na juya na ba su baya.

Matar ta kawo mana faten tsaki da yakuwa. Kawu ya sa cokali ya juya, ya sake juyawa.

"Kuna bakin tafki, fate ba kifi?"

Aminin ya sunkuyar da kai. "Ci tukuna. In rana ta yi sanyi ka je ka gani da idonka."

A kan hanyar tafkin ne aminin ya ba ni labarin musun da suka shekara da shekaru suna yi. A da, kowace bazara idan ruwa ya ja baya, garin kan yi su na gayya. Maza da mata da yara, Musulmi da Kirista, kowa da komarsa, wato ragarsa, a jeru kafaɗa da kafaɗa daga wannan gaɓa zuwa waccan, a tako ruwan a hankali har a kai ƙarshe. Ƙananan karfasa ake kwasowa kwando-kwando, mata su yi banda, a ci har damina. Kowane gida da wurin shigarsa a bakin tafkin, ba mai tsayawa a na wani. Kawu yakan shiga don kada a ce ya ware, amma kullum cewa yake ɓarna ce, an kashe kifin gobe. Aminin kuma ya ce ai kamar shuka ce, idan ta yi cunkoso a rami ɗaya ba ka rage ba, ba wadda za ta yi zangarniya.

Tafkin na nan yadda nake jin labarinsa, da babbar kanyar a gefen gabas. Ruwan ya yi kore, ya yi lum. Kawu ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya shiga har gwiwa. Ya ɗora birgin a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya juya ya saki. Wallahi na ga ƙuruciya ta dawo masa a wannan jifar. Ragar ta buɗe ta sauka. Da ya fara ja sai igiyar ta miƙe, fuskarsa ta washe.

"Ɗan nan, zo ka kama mini! Ban gaya maka ba?"

Na shiga da takalmina muka ja tare. Nauyi kam akwai nauyi. Muka fito da ragar gaɓa tana ta motsi, muka zazzage.

Karfasa ce, tuli guda, amma ba wadda ta wuce yatsu biyu. Kai babba, ido ƙato, jiki kamar an matse shi. Kawu ya ce wataƙila garken yara ya faɗa wa. Ya koma wani gefen ya jefa. Haka. Ya zagaya gindin kanya, inda ya ce nan ne zurfi, nan manya ke kwanciya. Haka dai. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya ya matsa mata kumatu, sai ga ƙwai cike da bakinta. Karfasa a baki take renon ƙwanta, wannan kowa ya sani. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa.

"Wannan ba yarinya ba ce," ya ce a hankali. "Uwa ce. Iyakar girmanta ke nan."

Aminin ya ce haka ya tarar da su. Sun hayayyafa sun cika ruwan, abinci bai ishe su ba, sai su tsufa a ƙanana. Manyan tarwaɗar da ke rage su kuwa, 'yan bindigar da suka zauna dajin sun bi su da ƙugiya sun kwashe. Kifin nan ko an kai kasuwa ba mai saye, ƙaya ce da ɗaci. Kawu ya tambaya, shi da ya fi kowa sanin amsar, ko akwai magani. Aminin ya ce su na gayya ne, irin na da, bazara biyu ko uku a jere, a kwashe su sosai, sauran su sami wurin girma. Birgi ɗaya ba zai yi ba, ko an shekara ana jifa.

Sai Kawu ya miƙe ya fara bin bakin tafkin, muna binsa. Ya tsaya kan wani faffaɗan dutse ya ce nan ne mashigar gidan maƙera. Aminin ya ce suna Zariya, tsohon ya rasu a can. Ya matsa gaba, nan gidan liman. An tafi da 'ya'yansa biyu, ɗaya bai dawo ba, sauran suna Funtuwa. Nan gidan mai wa'azin coci. Sun koma kudu, ba a jin labarinsu. Nan gidan mahauta. Aminin ya girgiza kai kawai. Haka muka yi ta tafiya, Kawu na kira, ana ba shi amsa, har muka zo wani kututture kusa da kanyar. Nan bai kira kowa ba. Wurin gidansu ne, inda shi da ɗansa ke tsayawa.

Ya dubi faɗin ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ko duk wanda ya rage a ƙauyen ya shiga, har da jarirai, layin ba zai kai rabi ba, kifin ta gefe zai zille. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tsayuwar ba, ga ruwa cike da kifi, ga masunci da ragarsa.

Na ɗauka zai mayar da kifin ruwa yadda ya saba. Sai na ga ya buɗe buhun da ya kawo birgi a ciki yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka maƙale a ciyawa. Bai bar ko guda ba. Da ya ɗaure bakin buhun ya dubi amininsa.

"Aboki, ashe kai ke da gaskiya."

Aminin ya share ido da bayan hannu. "Da ma kai ne ka yi gaskiyar, aboki. Da ka dawo."

A nan muka kwana. Da safe muka je kabarin ɗan Kawu, muka cire ciyawa, muka yi addu'a. Matar aminin ta riga ta yi bandar kifin ta ƙulle mana a leda. Da babura suka zo Kawu ya ɗauko birgin, ya shanya shi a kan dangar amininsa, ya ce a riƙa jefawa ko yaya ne, rage ɗaya ma ragi ne. Aminin ya ce ajiya ce ya karɓa, ba kyauta ba. 

A motar dawowa na sami wurin miƙe ƙafa, ba dalmar da ke dukan gwiwata, kuma ban ji daɗin hakan ba. Kawu ya rasa inda zai ajiye hannayensa, ya ɗora a cinya, ya sauke, ya harɗe su. Muna wuce Buruku waya ta sami sabis. Ya ce in kira mai gidan bulon in ji ko ya ɗauki wani. Na kira. Bai ɗauki kowa ba tukuna, ya ce Baba ya zo gobe.

Na tafi ina ganin idan mutane suka bar wuri, daji da ruwa hutawa suke yi su yi ƙiba. Na dawo na san ba kowane ruwa ba. Tafkin Kanya da hannun mutane ya saba, da aka raba shi da su shi ma tsumburewa ya yi. Na kuma gane komawa gida ba aikin mutum ɗaya ba ne, komai son da yake wa gidan.

Mun iso Rigasa bayan la'asar. Mahaifiyata ta karɓi ledar ta buɗe, ta ɗauki kifi ɗaya ta juya shi, ta dubi ƙaninta.  Ta daka su ta zuba a miyar kuka, muka ci, ana tsince ƙaya. Da gari ya waye Kawu ya ɗauki tocilansa da sandarsa ya tafi buɗe wa tifa ƙofa.