Ranar da Na Karanta Asirin Babana a Dublin

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da haura shekara ashirin ba, ina karatun adabin Turanci a wata jami'a a nan Riyadh, kuma gani nake duk gidanmu ba wanda ya kai ni wayewa. A unguwar Al-Shifa na tashi, Larabci ya fi Hausa zama a bakina, har Mama kan ce in na yi magana sai ta nemo tafinta. Babana direba ne a gidan wani Bature a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. A garinmu kuwa, can Najeriya, abin da aka sani shi ne Alhaji babban ma'aikaci ne a Saudiyya, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Haka mutanenmu na nan suke zaune, kowa ya san aikin ɗan'uwansa, amma ba mai kai labarin wani gida.

Shi yake sauke ni a jami'a kafin ya wuce aiki, kuma a motar nan ne bakinsa ke buɗewa. Yakan ba ni labarin zamansa na farko a unguwar Al-Sulay, su da yawa a ɗaki ɗaya, da yadda matar maigidansa ke miƙa masa igiyar karenta da yamma ya zaga da shi, shi da ko inuwar kare ba ya so. Leda yake sawa a hannu ya riƙe igiyar, ya dawo ya yi wanka kafin magariba. Yana faɗa yana dariya har da hawaye, ina taya shi.

Sai na samu gurbin zango ɗaya a Dublin don nazarin adabin Ireland na wannan zamani. Abin da ya kama ni a littattafan shi ne marubutan ba sa rufa wa gidajensu asiri. Uban da ya je ci-rani ya dawo ba ya magana, uwar da ta haɗiye baƙin cikinta, duk sai su shimfiɗa a takarda. Malamarmu, mace mai kirki, takan ce ƙasarsu ta daɗe tana fama da ciwon shiru, rubutu ne ya fara yi mata magani. Na rungumi maganar nan hannu bibbiyu, ban tambayi kaina ko maganin wani gida zai karɓi namu ba. Da aka ce kowa ya rubuta wani abu daga rayuwarsa ya karanta a taron rufe zango, labarin Babana da karen na rubuta. Allah ya sani da so na rubuta shi. Aka tafa min, wata har da kuka, ni kuma kaina ya kumbura, na ɗora bidiyon karatun a shafina.

Ɗan ƙanin Babana, mai jin Turanci, shi ya gani ya fassara wa dangi kaf. Ban sani ba sai da na dawo. Mama ce ta gaya min a kicin, murya ƙasa-ƙasa, cewa ana shawarar auren wata 'yar dangi ta waya, Babana ya sa baki a matsayinsa na babba, sai ƙanin nan nasa, wanda a hannun Babana ya tashi, ya ce a bar masu tsarkin hannu su yi magana. A shekarar Babana bai je gida hutu ba, ya ce aiki ya yi yawa. Mama ta tuna min cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na sami Babana na durƙusa ina kuka. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya ce ba komai, gaskiya na faɗa, halak ɗinsa yake nema, kuma ba ya jin kunyar aikinsa a gaban Allah. Abu ɗaya ya tambaye ni, ko cikin waɗanda suka tafa min akwai wanda zai je garinmu ya zauna tabarma ɗaya da ƙannensa. 

Ban ɗora wa littattafan laifi ba, har yanzu ina karanta su ina jin daɗinsu. Sai daga baya na gane cewa ni yabo na kwasa, shi aka bari da zama cikin mutane. Don haka nake jan kunnen 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka tashi a ƙasar waje muna ganin kunyar iyayenmu kamar ƙauyanci. Labarin da uba ya ba ka yana dariya amana ce, ka nemi izininsa kafin ka kai shi gaban mutane, in ya ce a'a ka haƙura. Ni yau Babana ya yafe min, har yanzu shi yake sauke ni a wurin aiki, ya tambayi lafiyata, ya sa min albarka. Amma da mun hau titi sai ya miƙa hannu ya kunna rediyo.