Lakar Manenguba a kwatar New Bell

Yayana bai taɓa sauraron magana har ƙarshenta ba. Kana tsakiyar bayani zai ce, "Na gane, na gane," alhali ko kan zancen bai kama ba. Yana da ɗakin sanyi na ajiye nama a bayan kasuwar unguwarmu ta New Bell a Duwala, kuma tun da ya mallaki ɗakin nan yake ganin babu abin da ya shige masa duhu a duniya.

'Yata ta fari ce ta faɗa hannunsa. Ilimin ƙasa take karanta a jami'a, ta kai matakin ƙarshe, aikinta kuwa laka. Ni ma da farko tsiya na yi mata, na ce duk wahalar karatun lakwal ɗin nan ashe wasan taɓo za a koma? Sai ta zaunar da ni. Ta ce a saman dutsen Manenguba akwai tafki, laka na kwanciya a gindinsa shekara kan shekara, kamar yadda nake jera zannuwa a akwati. Ƙurar furanni da tokar gobarar daji duk suna binne a ciki. In ta duba kowane hawa a madubin bincike, za ta san lokacin da dutsen ya yi sanyi, da lokacin da daji ya rufe shi, tun kafin kakannin kakanninmu. Amma sai in lakar tana nan yadda ta kwanta, ba ta bushe ba, ba ta cakuɗe ba.

Ta hau dutsen da damina tare da wasu baƙin masu bincike da suka zo da na'urar haƙa. Ta dawo da zazzaɓi, ƙafafu duk sun yi kanta, da dogayen bututan roba cike da baƙar laka, an toshe bakinsu. Baƙin suka tattara na'urarsu suka koma ƙasarsu. Wutar jami'a ba ta da tabbas, yayana kuwa yana da janareto, shi ya sa muka kai masa ajiya.

A gabana ta ce masa, "Kawu, abin da ke ciki shi ne aikin gaba ɗaya. Don Allah kada a buɗe, kada su fita daga sanyi."

"Na gane, na gane," in ji shi, waya na manne a kunnensa.

Sai ga Babbar Sallah. A unguwarmu duk wanda ya yanka rago, abin da bai soya ba ɗakin sanyin yayana yake kaiwa. Ba ya hana kowa, kuma kada ku ce kirki ne, so yake a riƙa ambatonsa a ƙofar masallaci. Ɗaki ya cika maƙil, nama bai daina zuwa ba. Me za a fitar? Bututan yarinya. Aka jingine su a tsakar gida cikin zafin Duwala, marafan suka fara ɓallewa, wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Shi kuma ɗan kasuwa, idonsa a kan roba yake. A ganinsa an ba yarinya kaya masu tsada ta bar su da datti. Ya sa ma'aikatansa suka jawo tiyo, da sabulu da soso.

Washegari muka hau babur muka je gaisuwar Sallah. Muna shiga na hango su jere a jikin bango, fes, rana na haskawa ta cikinsu. Yayana na kishingiɗe a tabarma da baƙinsa, ana cin soye.

"Zo ki gani, 'yar nan," ya ce. "Na sa an wanke miki su tas. Ke ma ki koyi kula da kayan mutane."

'Yata ta juya. Ta bi sawun ruwan har kwatar ƙofar gida, ta tsuguna. Lakar na can ta gauraye da jinin rago da ledoji. Ta sa hannu ta damƙo, ta duba, ta saki.

Ni kam ban yi shiru ba. Na ce, "Yaya, kai wane irin mutum ne? Kunnen nan naka ado ne? Ba a gabana ta roƙe ka ba?" Wayyo, sai ga dattawa sun taso mini caa. Wai lokacin Sallah ne, wai babba ne, wai alheri ya nufa. Wani mai farin gemu, wanda cinyar ragonsa ce ta kori aikin 'yata, har da cewa laka ai ga ta nan ko'ina a New Bell, a ɗebo wata mana. Suka kira ta suka ce ta yi wa kawunta godiya. Ta dawo da hannu baƙi ƙirin, ta durƙusa, ta ce, "Na gode, Kawu." Wallahi da ta zage shi da ya fi mini sauƙi.

Ta nemi a sake hawa dutsen, aka ce na'ura ta tafi, babu ranar dawowarta. Ta yi ta jira har aka cire sunanta daga jami'a. Yanzu yara take koyarwa a unguwar Japoma, ba ta son ko a ambaci Manenguba a gabanta.

Yayana bai taɓa ba ta haƙuri ba. Kwanan baya a wajen wani suna na ji shi yana gaya wa mutane cewa ya yi wa yarinyar nan iya ƙoƙarinsa, amma 'ya'yan yanzu ba su da juriyar karatu.