Ranar da Na Zama Tsoho

Na dawo Boɗinga da digirin aikin gona 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin da masu digiri a duk lardinmu ba za su cika mota ɗaya ba. Ina tafe ina jin kaina. Gwamnatin Jihar Arewa ta ba ni aiki, mutane suna ce mini malamin gona. Amma mahaifina, manomin albasa da ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, sai ya juya takardar digirin gaba da baya, ya miƙo mini abata.

"Wa ak karantar da kai?" in ji shi.

"Malamai da yawa, Baba."

"To ina suke? Mu nan in yaro ya sauke, malaminai ka tsayawa gaban jama'a shi shaida. Ni ban ga kowa ba."

Maganar nan ta ci mini rai ƙwarai. Ban damu da yabon kowa ba, so nake in ji daga bakinsa cewa na sauke, kamar yadda ake faɗa wa duk wanda ya kai ƙarshen karatu.

Mu da muka gama jami'ar muna da wata 'yar ƙungiya ta tsofaffin ɗalibai, suna ya fi mu girma. Duk rani mukan haɗu a garin ɗayanmu, mu ci mu sha, mu baje labari: wane an mayar da shi Kaduna, wane ya yi aure a ɓoye bai gayyaci kowa ba, malami kaza ya koma ƙasarsu. Da layi ya zo kaina, na roƙi Baturen da ya koya mana ilimin ƙasar noma ya biyo su, ya kuwa amsa. Na gaya wa Baba cewa tsofaffin ɗalibai na nan tafe tare da malaminmu. Ya gyaɗa kai kawai, ni kuma na wuce Danchadi rangadin fadama.

Da safiyar ranar taron na dawo na tarar da ƙofar gidanmu ta canza. An shimfiɗa buzaye a inuwa, an jera butoci. Baba ya sa an yi tuwo mai laushi da kunu, an dafa nama har ya rabu da ƙashi. Ga magogin goro an aje gefen faranti saboda marasa haƙora. Ya kuma gayyato dattawan unguwa da limaminmu, wai su zauna da sa'o'insu. Nan na gane abin da ya ji, amma kafin in buɗe baki mota ta tsaya.

Samari suka yi ta dirowa, wannan da wando da kwat, wancan gashin baki bai gama tsiro masa ba. Na ƙarshe Baturen ne, wuya ja wur saboda rana, shi ma bai girme mu da yawa ba. Baba ya leƙa cikin motar, ya zagaya bayanta.

"Ina tsohwahhin?"

A cikinmu akwai wani ɗan garin Shagari, abokina, wanda bakinsa ba ya mutuwa. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ai mu na. Can jami'a, ran da mutum yag gama karatu, ran nan aka ce mai tsoho."

Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Baba bai yi dariya ba. Ya nuna musu buzayen, suka zauna a ɗarare kamar waɗanda suka zo neman aure. Da aka gama gaisawa sai ya fuskanci Baturen, ya nuna ni da haɓa.

"Kai ak karantar da wanga? To ina tambayarka gaban mutane. Ya sauke?"

Baturen nan Hausar littafi ya iya, kuma yana alfahari da ita. Ya waiga wajen motar, inda akwatunansu ke ɗaure a sama, ya amsa a natse.

"A'a, ranka ya daɗe. Bai sauke ba tukuna."

Na ce a raina da na sani da ban gayyato shi ba. Dattawa suka sunkuyar da kai don kada su haɗa ido da Baba. Sai ɗan Shagari ya bi inda Baturen ke kallo, ya fashe da dariya har da buga ƙasa. Ya yi masa bayani da Turanci cewa ba kayan mota ake nufi ba. Jan wuyan nan ya haura har kunne. Ya miƙe tsaye, ya cire hularsa.

"Ku gafarce ni. Ya sauke. Ni na karantar da shi, duk abin da na sani na ba shi, bai bar komai ba. Yau ma akwai abin da nake tambayarsa."

Baba ya ce ya ji, amma mai sauka sai ya yi karatu a gaban jama'a. Na rasa abin da zan karanta wa liman, sai na ɗauko abin da ke damun kowa a wurin, wato ruɓewar albasa a rumbu. Na yi bayanin shayar da ita ruwa dab da cira, da tara ta kafin wuyanta ya bushe, da rumbun da iska ba ta ratsawa. Wani dattijo ya yi mini gardama mai zafi, na ba shi amsa, ya sake kawo wata, na sake ba shi. Can ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Yaron ga ya san ta." Abokaina har sun fara tafi, ɗan Shagari ya harare su suka bari.

Sai Baba ya aika a kamo ragon da ke ɗaure a cikin gida, ya dubi liman.

"Allah shi gahwarta Malam, a yi mai addu'a. Ɗana ya sauke."

Ranar da aka sa mini rigar digiri ko gezau ban yi ba. Amma da na ji hannuwan dattawan nan sun tashi sama saboda ni, na ji muryar Baba tana rawa wajen cewa amin, sai hawaye suka ƙwace mini, na kifa kai a gwiwa a gaban abokaina da malamina. Aka shafa. Na ji tafin hannun Baba mai kaushi a ƙeyata.

"Tashi haka nan," in ji shi a hankali. "Tsoho da kai, kana kuka gaban baƙi."